Filin Tambayoyinku: Ruwan famfo, a sha ko kada a sha?

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da damina ta kankama, wasiƙun da ke iso mini kusan duk a kan ruwan famfo suke, kuma yawancinsu daga ƙananan garuruwa ne, inda gidan ruwa ɗaya ne tal, ma'aikatansa ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Gwajin ruwa na yi wa aiki har na yi ritaya, don haka amsar da zan bayar ta wanda ya saba da kwalba da bututu ce. Abin da ya shafi magani kuwa, a je wa likita.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ruwan famfonmu wani lokaci yakan zo da wari irin na bilic, har yara su ƙi sha. Maigidana ya ce sinadari ake zuba mana, gara mu koma rijiyar bayan gida, tunda ruwanta garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Wanne ya fi?
Daga wata uwar 'ya'ya huɗu

Amsa: 'Yata, barka kadai. Maigidanki ya yi gaskiya cewa sinadari ne. Sunansa kulorin, kuma da gangan ake zuba shi. Ni a ƙaramin gari, idan na buɗe famfo ban ji alamar wannan wari ba ko kaɗan, a nan ne hankalina yake tashi.

Ga yadda abin yake. A gidan ruwa ana janyo ruwa daga kogi ko madatsa, a zuba masa alif don laka ta dunƙule ta kwanta, a tace shi ta cikin yashi, sannan a sa kulorin. Ba a sa daidai wanda zai kashe ƙwayoyin cuta kawai. Ana so ya yi saura, domin wannan saurar ce take raka ruwan cikin bututu har ƙofar gidanki, tana kashe abin da ya shigo a hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan minti 30 da zubawa a samu aƙalla miligiram 0.5 a cikin kowace lita, kuma a famfon ƙarshe kada ya gaza 0.2. Iyakar da ta gindaya ta sama ita ce miligiram 5. Hancin mutum yana jin kulorin tun bai kai ko kusa da wannan iyaka ba, saboda haka jin wari ba ya nufin an yi yawa. Idan yara sun ƙi sha, ki zuba a jarka mai tsabta, ki ɗora murfi ba tare da kin ɗaure shi tamau ba, ki ajiye a inuwa na 'yan sa'o'i. Warin zai ragu. Sai dai a shanye shi a ranar, don da tafiyar warin kariyar ma ta tafi.

Rijiyar kuwa, ina roƙonki ki gaya wa maigida cikin ladabi cewa hasken ruwa ba shaida ba ce. An ce ido ba mudu ba ya san kima, amma a kan ruwan sha ido ba ya gane komai. Ƙwayoyin kwalara da na taifot da na ciwon hanta nau'in A da E ba su da launi, ba su da wari, ba su da ɗanɗano. Ku auna tazarar da ke tsakanin rijiyar da masai mafi kusa, naku ko na maƙwabta. Abin da aka saba bayarwa a matsayin ƙa'ida shi ne mita 30, kuma a gidajen cikin gari da wuya a samu hakan.

Akwai wani ƙaramin gari a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada, sunansa Wokaton, mutanensa kusan 5,000. A watan Mayu na shekarar 2000 aka yi ruwan sama mai ƙarfi, ya wanko kashin shanu daga wata gona zuwa cikin ɗaya daga rijiyoyin da ke ba garin ruwa. Masu kula da gidan ruwan ba sa zuba kulorin isasshe, ba sa aunawa kullum, sai su cika littafi da lambobin da ba su auna ba. Mutane fiye da 2,300 suka kwanta, 7 suka rasu. Wannan a ƙasar da ke da kuɗi da kayan aiki ke nan. Abin da ya tsaya tsakanin garin da wannan masifa ɗan warin nan ne da yaranki suke ƙi.

Tambaya: Malam, a garinmu sau biyu a mako ake kawo ruwa. Idan ya zo, bokitin farko ja ne jawur, wani lokaci har da ɗan wari, daga baya ya washe. Maƙwabtana da dama sun haɗa injin zuƙo ruwa a jikin layi don cika tankunansu, ni ma ina shirin saye. Jan nan tsatsa ce kawai, ko akwai abin tsoro?
Daga wani malamin makarantar firamare

Amsa: Malam, a cikin wasiƙun watan nan taka ce ta taɓo tushen matsalar, don haka ka yi mini haƙuri zan ɗan tsawaita.

Sau da yawa ruwa yana barin gidan ruwa lafiya lau, a hanya yake lalacewa. Bututun da yake cike da ruwa dare da rana yana kare kansa: ko ya tsage, ruwa ne ke fita da ƙarfi, ba abin da zai iya shiga. Amma da zarar an ɗauke ruwa, wanda ya rage a ciki sai ya gangara zuwa unguwannin da ke kwari, ya bar bututun fayau, kuma wannan gangarowar tana haifar da zuƙa, kamar yadda ake zuƙar lemo da tsinken roba. Duk inda akwai tsaga, abin da ke kewaye da bututun shi zai shiga.

Ranar da aka kawo ruwa, ka bi layinku a ƙafa kana duban ƙasa. Za ka ga ƙananan bututai na roba sun ratsa ta cikin kwata, wasu an haɗa su da wuta, wasu an naɗe wurin da ya fashe da tsohuwar robar taya. Ka tsaya a kan ɗaya. Za ka ga ruwan kwatar yana ɗan motsi, ko wani siririn tsartuwa yana fitowa ta gefen ɗaurin. Mutane suna wucewa suna cewa asarar ruwa ce kawai. Wannan ƙofar da ruwa mai tsabta yake fita ta cikinta yau, ta nan ruwan kwata zai shiga gobe idan an ɗauke. Ya kwana uku a ciki, babu kulorin, ga zafi. Ranar da aka sake buɗe ruwa, shi ne zai fara isowa bokitinka.

Jan launin kansa yawanci tsatsa ce daga tsofaffin bututan ƙarfe, ko laka da ta kwanta a ciki ruwa ya taso ta. Tsatsa ba ta cika cutarwa ba. Ƙarfe idan ya wuce miligiram 0.3 a lita yakan ɓata farin kaya ya sauya ɗanɗano. Illarta ita ce tana cinye kulorin, kuma gurɓataccen ruwa yana ba ƙwayoyin cuta wurin fakewa yadda sinadarin ba zai same su ba. Warin da ka ambata ne ya fi damuna. Ruwa ba ya tsami banza. Idan warin kwata ne ko na masai, ka kai rahoto hukumar ruwa a ranar, ka kuma faɗa wa maƙwabta.

Batun inji kuwa, don Allah kada ka haɗa shi kai tsaye a jikin layi. Injin yana yin wannan zuƙar ne ko da akwai ruwa a bututu, ya janyo ƙazanta zuwa cikin layin da kowa ke sha, ya kuma hana na ƙarshen layi samun ko ɗigo. Shi ya sa hukumomin ruwa da yawa suka hana shi. Idan kana da hali, ka gina ko ka sayi tanki na ƙasa, ruwa ya zuba a ciki da ƙarfin kansa, sannan inji ya ɗaga daga nan zuwa tankin sama. Haka ma tiyo: kada a bar bakinsa nutse a cikin duro ko bahon wanki, don idan ruwa ya ɗauke zai iya zuƙe abin da ke ciki ya koma da shi layi. A bar tazara tsakanin bakin tiyo da saman ruwa.

Abin da za ka yi a gida shi ne, ka bar ruwan farko ya zuba har ya washe, a yi ban-ruwan shuka da shi ko wanke banɗaki. Na sha kuma, a garin da ruwa ke zuwa yana ɗaukewa, ni shawarata a riƙa gyara shi kullum. Ko a tafasa, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin su Aquatabs bisa umarnin da ke jikin takardar, ko bilic na gama-gari marar turare marar sabulu, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100: ɗigo 2 a kowace lita, wato rabin cokalin shayi a jarka mai lita 20. A girgiza, a jira minti 30. Idan ruwan bai washe ba, a bari ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, a ninka adadin. Kuma ka leƙa cikin tankinka na sama da tocila. Na sha ganin tanki ba murfi, da laka kamu guda a gindi, masu gida suna ta zargin gidan ruwa. A wanke shi sau biyu a shekara, a rufe shi ruf. Ruwan sha a ajiye shi a abu mai ƙaramin baki da ake tsiyayawa, don hannun da ke tsoma moɗa a randa yana iya ɓata ruwan da aka sha wahalar gyarawa.

Tambaya: Baba, ni nawa ruwan fari fat yake zuwa kamar an zuba madara. Ko alif ne ya yi yawa?
Daga wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, ki zuba a kofin gilashi ki ajiye ki zuba masa ido na minti biyu. Idan ya fara washewa daga ƙasa zuwa sama, iska ce kawai ta shiga bututu ta zama ƙananan kumfa, babu cutarwa. Idan kuma farin ya ƙi tafiya, ko ya taru ya kwanta a gindin kofin, to wani abu ne daban, ki sanar da hukumar ruwa.

Tambaya: Malam, matata ta haihu wata biyu da suka wuce. Mu duk ruwan da za mu sha sai mun tafasa shi, wani lokaci har mu bar shi a wuta ya daɗe don mu tabbatar. Abokina ya ce tafasawa ba ta maganin komai da komai. Gaskiya ne?
Daga wani sabon uba

Amsa: Allah ya raya, ɗana. Abokinka ya san abin da yake faɗi. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cutar da ake ɗauka ta ruwan sha, har ma da waɗanda kulorin ba ya iya musu. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna kiriftosiforidiyam da ke jure wa kulorin. A 1993 ta shiga ruwan birnin Milwoki a Amurka, aka ƙiyasta mutane kusan 400,000 sun kamu da gudawa. Tafasa tana gamawa da ita. Kuma ba sai an daɗe ba: idan ruwa ya tafasa sosai yana ɓulɓulowa, minti 1 ya isa, sai a wurare masu tsayin da ya haura mita 2,000 a ba shi minti 3. Abin da ya wuce haka ɓarnar makamashi ce.

Abin da wuta ba ta taɓawa shi ne sinadaran da suka narke a ruwa. Su idan ka daɗe kana tafasawa ma ƙara musu kauri kake yi, don ruwa ne ke tashi tururi, su suna nan. Biyu daga ciki sun shafi jariri kai tsaye.

Na farko naitiret, wanda ke zuwa daga takin zamani da takin dabbobi da masai, ya sirara zuwa rijiyoyi marasa zurfi. Iyakarsa miligiram 50 a lita. Babba ba ya jin komai, amma jariri ɗan ƙasa da wata shida idan ana dama masa madarar gwangwani da irin wannan ruwa, jininsa yakan kasa ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata, har leɓɓansa da yatsunsa su yi shuɗi-shuɗi. Wanda ya ga haka ya ruga asibiti. Kariya mafi girma kuwa tana hannun matarka: nono zalla har wata shida, ba tare da ruwa ba. Nonon yana ɗauke da duk ruwan da yaro yake buƙata ko a tsakiyar bazara.

Na biyu dalma. Ita ba kasafai take zuwa daga kogi ba, daga kayan aikin famfo take: tsofaffin bututan dalma, da dalmar liƙi, da wasu kawunan famfo na tagulla. A garin Filint na jihar Mishigan ta Amurka, a watan Afrilun 2014 aka sauya inda ake ɗebo ruwa zuwa kogin garin ba tare da an sa sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya ci tsofaffin bututai, dalma ta zubo, sai a 2015 wata likitar yara ta nuna cewa dalma ta ƙaru a jinin ƙananan yara. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya maikirogiram 10 ce a lita, wato kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram, kuma hukumar ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Idan gidanku tsoho ne, ruwan da ya kwana a bututu a bar shi ya zuba na minti ɗaya ko biyu da safe kafin a ɗiba, kuma kada a yi girki ko abincin yaro da ruwan da ya fito daga injin ɗumama ruwa.

Idan garinku rijiyar burtsatse yake sha, a nemi a auna fulorayid da asanik, su kuma daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa suke. Fulorayid idan ya haura miligiram 1.5 a lita yakan rina haƙoran yara launin ƙasa-ƙasa. Asanik kuwa shi ne ya addabi miliyoyin mutane a Bangaladash ta rijiyoyin da aka haƙa musu don a raba su da gurɓataccen ruwan tafki.

Tambaya: Ranka ya daɗe, mu ƙungiyar matasa ce ta unguwa. Mun gaji da jita-jita, wannan ya ce ruwan na da kyau, wancan ya ce guba ne. Ta yaya za mu san gaskiya, kuma wa za mu tambaya?
Daga sakataren wata ƙungiya

Amsa: Madalla da ku, 'ya'yana. Wannan aikin bai fi ƙarfinku ba. Ku fara da auna kulorin, don shi ne mafi sauƙi kuma shi ne ke ba da labari da wuri. Akwai wata ƙaramar ƙwaya da ake kira DPD, wadda masu kula da wuraren ninƙaya ma suke amfani da ita, tana zuwa da ɗan akwatin roba mai jerin launuka. Za ku ɗauraye shi da ruwan famfon, ku cika zuwa layin da aka zana, ku jefa ƙwayar, ku girgiza. Idan akwai kulorin, ruwan zai koma ruwan hoda nan take, sai ku ɗaga shi ga haske ku ga da wace lamba launin ya yi daidai. Ku auna a famfon da ke kusa da gidan ruwa, da na tsakiyar gari, da na can ƙarshen layi, musamman makaranta da asibiti. Ku rubuta rana da lokaci da wuri. Na ƙarshen layin shi ne ma'auni, don idan can ya kai 0.2, waɗanda suka fi shi kusa da gidan ruwa sun samu.

Gwajin ƙwayoyin cuta sai ɗakin gwaje-gwaje, na hukumar ruwa ko na jami'a ko na babban asibiti. Abin da ake nema wata ƙwaya ce, E. coli, wadda take zaune a hanjin mutum da dabba. Ganinta a ruwa shaida ce cewa bayan-gida ya shiga. Ƙa'idar ba ta da sassauci: kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100. Ku karɓi kwalba daga wurinsu, kada ku yi amfani da taku, kada yatsa ya taɓa bakinta, ku sa ta a cikin ƙanƙara, ku kai cikin sa'a 6. Ku sani gwaji ɗaya labarin rana ɗaya yake bayarwa, saboda haka ku maimaita, musamman washegarin ruwan sama mai ƙarfi da kuma bayan gyaran bututu.

Daga nan ku je gidan ruwa, da sallama da mutunci, ku nemi ganin littafin da suke rubuta awon kullum. Kuna da haƙƙin tambaya. Tun a watan Yulin 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa samun tsabtataccen ruwan sha haƙƙin ɗan Adam ne. Idan an buɗe muku littafin, ku bi lambobin da yatsa. Awon gaskiya yana hawa yana sauka, yau 0.6, gobe 0.4, ranar da aka yi ruwa ya faɗi ƙasa. Idan kun ga lamba ɗaya tun daga farkon wata har ƙarshe, da biro ɗaya da hannu ɗaya, to akwai alamar ba a aunawa. Amma kada ku je da faɗa. Na san waɗannan ma'aikata, yawancinsu mutanen kirki ne da aka bari da injin da ya mutu, ko ɗakin ajiyar da kulorin ya ƙare a ciki tun watanni. Ku tambaye su abin da suka rasa, ku rubuta, ku kai wa shugabannin ƙaramar hukuma da hukumar ruwa tare da naku awon. Takarda mai lambobi da kwanan wata ta fi ƙarfin koke na baki.

Ranar da kuka jefa ƙwayar ruwan ya tsaya fari bai sauya ba, ku sake gwadawa a wani famfon na kusa don ku tabbatar. Idan nan ma haka ne, ku sanar da gidan ruwa da jami'in lafiya a ranar, ku bi gida-gida ku ce a tafasa ruwan sha har sai launin ya dawo. Idan kuma gudawa ta fara yawa a unguwa, a fara ba marasa lafiya ruwan gishiri da sukari, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a kai su asibiti ba tare da jira ba, yara da tsofaffi a gaba.